Motar Katako ta Merv Tuckwell

Duk wanda ya taɓa yin kwana biyu a Boolarong ya san Merv Tuckwell. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don in yana ba da labari a mashayar Shirl har gidan waya ake jiyo shi. Shekara talatin ya yi yana sayar wa manoman gyaɗa inshora, bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba, amma ranar da ya yi ritaya sai ya wayi gari masanin katako. Gadar bakin gari, in ji shi, da an tambaye shi da ba haka aka yi ta ba. Rufin coci ma a karkace yake, shi kaɗai Allah ya ba idon gani.

Abin da Merv ya fi ƙauna a duniya, ko da an sa matarsa Glenys a jerin, shi ne rumfarsa ta bayan gida. Marigayi Arthur, mahaifin Glenys, shi ya gina ta da jan katakon turare, bango da rufi na langa-langa, ƙofa da ƙaton kwaɗo. A ciki akwai kujera mai taushi, da firij, da rediyon jin tseren dawaki, da rabin kwalekwale, da kejin kaji mara ƙofa, da kantar kicin ɗin da ya yi wa Glenys alkawari shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mu nan, namiji in ba shi da rumfa sai dai a je masa jaje.

Wata Asabar, saura mako bakwai Bikin Gyaɗa da garin ke yi duk shekara, ya ga talla a jarida. Motar haɗa-da-kanka ce, irin wadda ake aiko wa mutum gunduwa-gunduwa a akwatuna daga Ingila ya haɗa a gida: kujera biyu, babu rufi, injin wata tsohuwar mota, ƙashinta da gangar jikinta kuwa duk katako, an lulluɓe da alminiyon an shafe da jan fenti. Merv ya ɗaura tirela a bayan a-kori-kurarsa ya kama hanya.

Mai motar wani manomi ne, Col Petersen. Ya kai shi gindin wani mangwaro ya yaye tamfol.

"Ta ƙanena ce, marigayi," in ji Col. "Shekara takwas tana nan, tayoyi a sace. Ko za ka kawo wani ya duba maka ita tukuna?"

"Ya duba wa wa? Bawan Allah, ni ake kira in duba wa mutane."

Kowa ya sani a ƙasar nan ba a sayen gida, ko na kaji ne, sai mai duba gara ya zo ya bi shi da ƙwanƙwasa lungu-lungu. Amma wa ya taɓa jin an kira mai duba gara ya duba mota? Merv ya shuri taya, ya leƙa inji, ya shafa fenti. Siraran hanyoyin laka da suka bi jikin tayoyin suka shige cikin motar kuwa, ya kankare su da farce ya ce tsohon taɓon tsere ne. Col bai ja ciniki ba. Tayin farko ya sallama, ya taya shi ɗorawa da sauri, har ya ƙara masa buhun mangwaro gyara. Merv ya taho yana fito, yana tausayin mutumin da bai san darajar abin da ya sayar ba.

Glenys tana shanya ya shigo da tirelar da baya, bayan ya take mata tukunyar fure guda.

"Wannan kuma akwatin gawar wa ka ɗauko?"

"Mota ce, Glen. Motar tsere. Duk jihar nan babu irinta biyu."

"Na yarda. Wa zai yi wannan kuskuren sau biyu?"

A shekarar Glenys aka zaɓa Uwar Biki, ladan shekara ashirin da shida da ta yi tana zuba shayi a rumfar mata. Bisa al'ada, Uwar Biki ce ke jan jerin gwano daga gidan waya zuwa filin biki, tana zaune kan damin ciyawa a bayan tsohuwar babbar motar Noel Krause. Noel maƙwabcinsu ne, tsohon kafinta, ɗan shekara saba'in da huɗu, mutumin da magana ke yi wa tsada.

"Bana," in ji Merv, ya daki ƙirji, "matata ba za ta hau damin ciyawa kamar kabewar da za a kai gasa ba. A cikin wannan zan kai ki, da hannuna."

"Mervyn." In ta kira sunan a cike, to ba lafiya. "Ina kwalekwale? Ina kejin kaji? Ina kantata?"

"Waɗannan ƙananan ayyuka ne. Ni babban aiki ke tayar min da basira."

"To ji. In motar nan ta kai ni filin biki, ba zan ƙara tambayar kanta ba har in mutu. In ba ta kai ba, makullin rumfa nawa ne. Ƙungiyarmu ta ɗinki ta daɗe tana neman wuri."

Ko a mafarki Merv bai taɓa ganin keken ɗinki a gurbin firij ɗinsa ba. Ya so ya yi dariya ya share maganar, sai ya hango Noel jingine da shinge, kofin shayi a hannu. Baki shi ke yanka wuya.

"Na yarda! Noel, kai ne shaida."

"Na ji," in ji Noel.

Ya ajiye kofin, ya zagayo ta ƙofa, ya zaro sukundireba daga aljihun baya. Ya durƙusa da ƙyar ya fara ƙwanƙwasa katakon ƙarƙashin motar da ƙotar. Lafiyayyen katako ƙwas yake amsawa. Wannan fuf ya ce. Ya matsa gaba, fuf. Ya juya sukundireban ya ɗan danna bakin, sai ya shige har ƙota kamar an soka cikin burodi, wani gari mai laushi ya zubo.

"Gara," in ji Noel.

"Katakon tsere ne, mutumina. Da gangan ake yin sa shafal don gudu."

"Sun cinye sun tafi. Fentin ne kawai ya yi maka mutunci."

"Kai fa kejin kaji da bayan gida ka saba ginawa, Noel. Mota wani fanni ne."

Noel bai ji haushi ba. Ya ce in ana son ta rayu sai a kwance ta gaba ɗaya, a aiko da busasshen katako mara nauyi daga birni, a bi da gam da noti a tsanake, aikin wata huɗu ne, kuma shi zai taimaka. Merv ya ce ya gode, amma zaki ba ya neman rakiya.

Da Merv ya tura motar cikin rumfa ya rufe ƙofa, ya ɗauki nasa sukundireban ya gwada. Gaba, fuf. Baya, fuf. Gumi ya keto masa. Tsakiya ne kawai bai taɓa ba, wani faffaɗan katako da ke ƙarƙashin kujeru, mai sheƙi, ga ɗan allon tagulla mai sunan masu motar an kafa a jiki. Wannan kam, in ji Merv a ransa, daga gani babu tambaya, aikin Ingila ne. Ya bar shi.

Sai maganar inda za a samo katako. Shagon katako ɗaya ne a garin, mai shi kuwa mijin Shirl ne. In Merv ya sayi ko ɗan guntu da safe, kafin azahar duk mashaya ta san Noel ya yi gaskiya. Yana zaune a kujerarsa yana wannan tunani ya ɗaga kai, sai ya ga ikon Allah: katako ko'ina! A kowace kusurwar rumfar Arthur ya kafa wasu dogaye a gicciye, daga gindin wannan ginshiƙi zuwa wuyan wancan.

"Ka ga aikin tsofaffi," in ji Merv. "Wannan ba rufi ya ɗauka ba, ba bango ya riƙe ba. Ɓarnar kaya kawai."

Ya ɓalle huɗu a yini ɗaya.

Jan turaren da ya shekara hamsin yana bushewa ba a yi masa gaggawa. Zarto ya shiga ya fito ba haƙora. Injin huda ya yi kuka, ya yi hayaƙi, ya mutu. Ƙusa goma sha biyu suka tanƙware, ta goma sha uku ta yi tsalle ta fasa gilashin rediyo, guduma kuma ta sauka kan babban yatsansa. Ihun da ya yi sai da kajin Noel suka watse.

Da yamma ya bayyana a mashaya da yatsa a naɗe kamar kan tabarya.

"Sannu, Injiniya," in ji Shirl. "Motar ce ta cije ka?"

"Inji ne. Ƙarfinsa ya yi yawa, sai da na danne shi da hannu."

"Mun ji an ce gara sun riga ka yin tsere da ita."

"Masu hassada ke faɗa. Ranar biki ki tanadi gyale, don ƙurar da zan tayar sai ta rufe miki kwalabe."

Wani manomi a ƙarshen kanta ya ce, "Merv, in za ka sha mai, fetur kake zuba mata ko maganin ƙwari?"

Aka kwashe da dariya. Merv ma ya yi, ya ce mai dariyar ƙarshe shi ne gwani, kuma ya riga ya san ko wane ne.

Mako na uku aka yi gwajin farko. Injin, abin mamaki, ya tashi. Merv ya sa hular fata da tabarau irin na matuƙa jirgin sama, ya fito da ita daga rumfa tana tari. Ya nufi tsakar gida, ya ga turken shanyar Glenys a gabansa, ya taka birki da ƙarfi. Ƙafarsa ta huda daɓen motar ta sauka kan ciyawa. Ya shiga gudu da ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a mota, har turken ya tare su. Motar ta tsaya. Zanen gado ya sauko ya rufe shi, wani ɗan kamfai nasa mai ɗigo-ɗigo ya maƙale a madubi.

"Ya birki?" in ji Noel ta kan shinge.

"Lafiya lau," in ji zanen gado. "Gwada shi nake."

Gyaran daɓen motar kuma sai ya ci teburin aiki da kantocin bango biyu. Ƙofar motar ta hagu ta ɓalle a hannunsa, ya ɗauko wani katakon gefen taga. Duk inda ya ɗaura sabo, sai tsohon da ke kusa ya ruguje don ba zai iya ɗaukar maƙwabcinsa ba. Duk abin da ya ruguje, Merv ya ɗaga kai ya dubi rumfa.

Zuwa mako na biyar bayan motar ya yi nauyin da ya zauna daɓas kan tayoyi, hancinta ya ɗaga sama kamar mai jin warin wani abu. In ta motsa sai roba ta riƙa ƙauri. Mai hankali zai rage nauyin baya. Merv ya ce ilimin ma'auni ya nuna a ƙara na gaba. Ya hau tsani ya kwance babban katakon da ya haɗa bangon gabas da na yamma, ya yanka biyu ya ɗaura a ƙarƙashin inji. Motar ta daidaita, ta zauna kan duka tayoyin huɗu.

Washegari ƙofar rumfa ta ƙi rufuwa. Ya ce damina ce ta kumbura ta, alhali an yi wata biyu ba ɗigon ruwa. Ya fere gefenta. Bayan kwana biyu ta sake ƙi, ya sake ferewa, ya riƙa sa kafaɗa yana danna ta kafin kwaɗo ya shiga.

"Merv," in ji Noel wata safiya, "rumfarka tana leƙen gidana."

"Idonka ne. Shekaru."

"Da can daga nan ina ganin tankin ruwanka. Yanzu ba na gani."

"Tankin ne ya matsa."

Noel ya kurɓi shayi. "Me kake sa wa motar nan?"

"Katako na musamman. Daga birni. A asirce ake kawo min."

Noel ya dubi rumfar, ya dubi Merv, ya juya da kofinsa. Da Noel ya shiga gida, Merv ya ɗauko igiyar kwalekwale ya ɗaure wuyan rumfar ya kai jikin bishiyar lemo ta baya, inda Glenys ba ta zuwa, ya ja ya tamke. Wai shi nan ya yi dabara. Garin neman gira ake rasa ido, amma wa zai gaya wa Merv?

Rana ba ta ƙarya. Ranar biki gari ya cika maƙil, manoma da iyalansu sun jeru gefen babban titi da kujerun naɗewa, ana ta ɓare gyaɗa. A bakin gidan waya jerin gwano ya shirya: motar Merv a gaba, 'yan badujala a bayanta, sai taraktoci, sai babbar motar Noel wadda bana aka mayar can baya ta ɗauki buhunan gyaɗar gasa. Merv ya sake wa motar fenti tana ƙyalli. Gaskiya ta yi kyau, har wasu suka fara jin kunyar dariyar da suka yi.

Glenys ta fito cikin shuɗiyar riga da malafa mai furanni, da ɗamarar Uwar Biki a kafaɗa. Ta tsaya ta dubi motar.

"Ƙofar ba ta buɗuwa?"

"Na kafe ta don tsaro. Tsallakawa ake yi, haka manya ke yi."

Mutum biyu suka taimaka mata ta tsallaka. Tana zama wani abu ya ce ƙiiƙ a ƙarƙashinsu.

"Mene ne wannan?"

"Katako ne ke gaishe ki."

Mai lasifika ya sanar, badujala ta ɗauka, Merv ya taka. Motar ta yi nishi ta motsa, tafiyar da ba ta fi ta mai tura baro ba, amma dai tafiya ce. Jama'a suka tafa. Merv ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa hagu da dama, har ya fi Uwar Bikin ɗagawa. Da suka zo daidai mashaya ya yi wa Shirl hon sau uku.

"Ina gyalen?" ya ƙwala mata.

"Ga ƙura kam tana fita!" in ji Shirl, tana nuna ƙasa.

Gaskiyarta. Wani siririn layin gari ne ke bin bayan motar a kan kwalta, kamar buhu ya huje. Katakon nan na tsakiya, aikin Ingila, shi kaɗai ke riƙe da jan turare a gaba, jan turare a baya, da Merv da Glenys a kansa. Ciki kuwa babu komai sai iska da tarihi.

A bakin banki, mutane suna ganin Glenys daga ƙugu zuwa sama. A bakin shagon magani, daga ƙirji. Wata tsohuwa ta tambayi 'yarta ko Glenys ce ke gajarcewa ko ita ce idonta.

"Mervyn, muna nutsewa."

"Haka motar tsere take, tana kwanciya ta kama titi."

"Gwiwata ta kusa taɓa haɓata."

"Yi murmushi, Glen, ana kallonmu."

A bakin mahauta malafa kawai ake gani da hannu ɗaya yana ɗagawa, don Glenys mace ce mai cika aiki. Merv kuwa ya koma leƙen hanya ta cikin sitiyari. Yana hango tutocin filin biki, bai fi taku ɗari biyu ba. Abin da ya rage kawai a tsallake layin dogo, inda titi ya ɗan yi tudu.

"Riƙe malafarki," in ji shi, ya taka totur har ƙasa.

Tayoyin gaba suka haye. Cikin motar ya sauka kan ƙarfen dogo, ƙaf! Sai ta karye biyu a tsakiya, ba da wata babbar ƙara ba, kamar dai an karya biskit. Hanci ya ɗaga sama, wutsiya ta ɗaga sama, miji da mata suka zauna daɓas a kan layin dogo, ƙafafu a sama. Garin katako ya tashi ya rufe su. Hon ya maƙale. 'Yan badujala, da ke kallon takardun kiɗansu, suka zo suka afka wa wutsiyar, mai babban ganga ya kifa ciki, mai ƙaho ya busa wata irin ƙara da ba ta cikin kowace waƙa.

Jama'a suka miƙe suna leƙen cikin ƙurar. Sai aka ga hannun Glenys ya fito daga ƙura yana gyara malafa, aka tabbata ba wanda ya ji rauni. Wayyo, dariya! Wani har ya faɗo daga kujerarsa. Mai lasifika ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, ya kasa, aka riƙa jin shessheƙarsa a duk faɗin gari.

Aka zaro Glenys. Aka zaro Merv, sitiyari a hannunsa, fari fat da gari har gira.

"Laifin hukumar jirgin ƙasa ne," ya ce da ƙarfi. "Layin nan ya fi ƙa'ida tudu. Na daɗe ina faɗa."

Mai kula da layin ya ce ya ji, amma jirgin gyaɗa na tafe ƙarfe biyu, a kwashe masa wannan tarkace. Ƙarti takwas suka kama rabin gaba, suka yi nishi, ko gezau. Suka kama rabin baya, haka. Ɗaya ya ce, "Kai, Merv, gada ka ɓoye a ciki?" Sai da aka kawo tarakta da sarƙa. Da ta ja, rabin gaban ya kife, cikinsa ya fito fili kowa na gani.

Noel ya sauko daga motarsa ya zo a hankali. Ya ƙwanƙwasa babban katakon, ƙwas. Ya shafa wani yanka a gefensa.

"Wannan aikin hannun Arthur ne," ya ce. "Ni na riƙe masa tsani ranar da ya ɗora shi." Ya nuna wani. "Wannan na kusurwa ne. Wannan ma. Ga na uku." Ya ɗago. "Merv, me ke riƙe da rumfar?"

Duk titi ya juyo yana kallon Merv.

"Akwai igiya," in ji Merv.

Glenys ba ta ɗaga murya ba. Ta karkaɗe rigarta, ta gyara ɗamara, ta miƙa tafin hannu.

"Makulli."

"Glen, ai kusan mun kai. In aka duba, hancin motar..."

"Noel, mun kai?"

"Ba ku kai ba."

Merv ya laluba aljihu ya ciro makullin. Ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce garin katako ne. Ya sa mata a hannu. Ta hau kan buhunan gyaɗa a bayan motar Noel, aka kai ta filin biki ana tafi, shi kuma ya bi a ƙasa, ba wanda ya tuna ya karɓi sitiyarin daga hannunsa.

Da la'asar Glenys ta taho ganin rumfarta, matan ƙungiyar ɗinki biyar na biye da ita da tef ɗin awo. Rabin mashaya ma suka biyo baya, wai rakiya. Suka tarar da rumfar ta sunkuya wajen gidan Noel, bishiyar lemo ta sunkuya wajen rumfar.

"Glenys," in ji Noel, "ni da ke ne, da daga nesa zan buɗe."

"Rumfar ubana ce."

Ta sa makulli ta murɗa. Kwaɗon ya fita da ƙarfi kamar an harba shi, ƙofar ta buɗe da kanta. Ashe mako biyu ke nan ƙofar ce ke aikin duk katakan da Merv ya kwashe. Rumfar ta yi wani dogon nishi. Noel ya janye Glenys baya. Igiya ta tsinke, lemo ya zubo, bangon gabas ya bi na yamma, rufi ya bi su, komai ya kwanta a hankali kan firij da kujera da rabin kwalekwale. Daga ƙarƙashin langa-langa rediyo ya kunna kansa, ana tseren ƙarshe.

Mazan da ke wurin suka cire huluna. Ba wanda ya yi dariya wannan karon, don kowannensu yana da rumfa a gida.

"Dama ginin bai yi ba," in ji Merv. "Tun ranar da na shigo gidan nan na ga..."

"Rufe min baki, Mervyn." Glenys ta juya wajen Noel. "Filin dai nawa ne. Za ka gina min sabuwa? Da taga babba, saboda ɗinki."

"Mako shida."

Merv ya zauna kan bokitin da ya tsira, sitiyari a cinya. Ya dubi tarkacen, ya dubi matarsa, ya tambaya cikin ƙaramar murya irin wadda ba a taɓa jin sa da ita ba:

"To ni yanzu ina zan riƙa yini?"

"A cikin gida mana, kamar kowa."

"Cikin gida." Sai fuskarsa ta fara washewa. "Af, ai kuwa hakan ma ya yi. Dama na daɗe ina lura, Glen, yadda kike jera kwanuka ba daidai ba ne. Kuma matakalar baya tana buƙatar gyara. Kabad ɗin ɗakin kwana ma, katakonsa ya yi yawa, rabi ɓarna ne. Tun safe har dare ina nan tare da ke, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina yi miki bayani."

Glenys ta dube shi. Ta dubi gidanta, wanda shi ma tun daga turakunsa har rufi katako ne. Shekara talatin da takwas suna zaman lafiya, sai yau ta gane abin da ke riƙe da zaman.

"Noel."

"Na'am."

"Biyu za ka gina." Ta cusa wa Merv makullin a hannu. "Fara da tasa. Ka kai ta can ƙarshen fili, kuma ta ƙarfe."